Hasken da Auta Ta Kunna

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Mai Hoto ya kwantar da akwatin kwamfutarsa a kan tebur, ya ɗauko sukudireba. Gidansu a saman bene yake, kuma daga tagar ɗakin aikinsa ana jiyo masu shagunan ƙasa suna jan ƙyamare, ana jiyo hayaniyar titi tana raguwa sannu a hankali. Matarsa, wadda kowa a gidan ke kira Umma, tana kicin tana wanke-wanke. 'Yarsu Auta, wadda ke ajin ƙarshe na sakandare, tana tsaye a kansa rungume da wani ɗan kwali.

Ita ce ta sayo fitilun. Wata igiya ce doguwa siririya mai ƙananan ƙwayaye a jere, bayanta da gam, wadda ake mannawa a cikin akwatin kwamfuta don ta riƙa ba da haske kala-kala. Ta daɗe tana cewa akwatin Baba gefensa gilashi ne, amma cikinsa duhu kamar rijiya. Shi kuwa akwatin tsoho ne. Na hannu Mai Hoto ya saye shi shekarun baya a wajen wani mai shago da zai tashi, kuma tun da ya kawo shi gida bai taɓa kwance shi ba, domin bai taɓa ba shi matsala ba. Da wannan kwamfuta yake gyara hotuna da bidiyon mutane, da ita ake ci ake sha a gidan.

Umma ta ɗaga murya daga kicin ta ce, "Baban Auta, abin da yake aiki lafiya me ya kai ka taɓa shi? Tsofai-tsofai da kai za ka mayar mana da ɗaki gidan rawa."

Ya ce, "'Yarki ce ta matsa. Ni ɗan aike ne."

Auta ta yi dariya. Ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a wani faranti, ya ɗaga gilashin. Wata iska mai ɗumi ta fito ta daki fuskarsa, da wani irin wari kamar na ɗakin da aka kwana a ciki ƙofa a rufe. Ya ɗan tsaya, domin tun la'asar ya kashe kwamfutar. A can lungun ƙasa, bayan ɗan akwatin da ke raba wuta, ƙura ta taru da kauri, tsakiyarta a lotse kamar inda mage ta saba kwanciya. Bai kawo komai a ransa ba. Ya sa baki ya hure ta.

Hannunsa bai shiga lungun ba, sai Auta ta zura nata siriri, ta manna igiyar har can ciki. Ya lalubi ƙananan allurai a jikin babban allon da komai ke manne a kai, ya jona wayar fitilun, ya tayar da akwatin tsaye. Ya ce, "To mai kaya, danna."

Ta danna maɓallin. Haske ya cika akwatin lokaci guda, ja, sannan kore, sannan wani fari tas da ya sa duk suka runtse ido. Fankoki suka juya, suka tsaya cak. A cikin wannan ɗan shirun wani siririn kuka ya fito daga akwatin, gajere, sannan fitilun suka mutu. Sikirin bai nuna komai ba. Daga nesa aka fara kiran sallar magariba.

Auta ta ce a hankali, "Baba, ka ji?"

Ya ce, "Ƙarar kwamfuta ce. Haka take yi idan wani abu bai zauna daidai ba."

Ta kalle shi. Shi ma ya san ƙarar kwamfuta, kuma ya san ba haka take ba.

Bayan ya dawo daga masallaci ya koma kanta. Ya zare wayar fitilun, ya danna, fankoki suka ɗan motsa suka tsaya, sai ya mayar da ita. Ya ciro ram, wato ɗan allon ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya goge haƙoransa, ya mayar har sai da ya ji ya ce ƙas. Ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya yana dannawa ko ya goge wata da hannu bai sani ba. Ya cire ɗan batirin da ke jikin allon, ya jira, ya mayar. Ya canza soket. Duk abin da ya yi, amsar ɗaya ce: fankoki su yi kamar za su tashi, sai su tsaya kamar wanda aka dafe. Da ya gaji ya miƙa hannu zai ɗauki kusoshin ya rufe gilashin, sai ya tarar da farantin wayam.

Yana durƙushe yana duba ƙarƙashin tebur ya ji wani abu ya daki gilashin taga, tas. Ya ɗago. Kusa ce ƙarama take birgima a ƙasa. Kafin ya miƙe wata ta sake dukan tagar, wata kuma ta same shi a ƙeya. Tagar a rufe take. Daga cikin ɗakin ake jifan, kuma shi kaɗai ne a ɗakin. Ya fita ya ja ƙofar, bai gaya wa kowa ba.

Da safe ya ɗauki akwatin ya kai wa abokinsa mai gyaran kwamfuta, wanda ake kira Injiniya, a wani ɗan shago da ke cike da matattun sikirin da tarin wayoyi. Injiniya ya haska tocila, ya duba inda aka jona fitilun, ya ce daidai ne, ba a juya kan wayar ba, ba abin da ya ƙone. Ya jona komai, ya danna. Kwamfutar ta tashi sumul, fitilu suna ta canza launi, aikin da Mai Hoto ya bari na bidiyon yaye ɗaliban wata makaranta yana nan yadda ya bar shi.

Injiniya ya ce, "Wannan ai ta fi ni lafiya. Ko dai gidanka ne ba ta so? Ka bar min ita, ni zan riƙe ta da daraja." Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, bai ga komai ba. Daga ƙarshe ya ce wataƙila wutar gidan ce ba ta da ƙarfi, ya ara masa sabuwar waya da na'urar daidaita wuta.

Mai Hoto ya hau bene da akwatin cikin sanyin rai. Ya jona, ya danna. Fankoki suka motsa, suka tsaya.

A ranar ne Auta ta dawo daga makaranta tun kafin a tashi, ta rufe fuska da mayafi, ta ce rana tana sukar idonta. Idanun sun yi ja, hawaye yana zuba ba tare da kuka ba. Suka kai ta asibiti, likita ya haska, ya duba, ya ce bai ga ciwo ba, ya ba da maganin ɗigawa. Maganin bai yi komai ba. Cikin 'yan kwanaki yarinyar da gidan ba ya shiru saboda surutunta ta daina magana. Ta rataya barguna a tagogin ɗakinta. Idan aka kunna ƙwan falo sai ta ƙwalla ƙara daga ciki. Abinci sai Umma ta ba ta a baki, a cikin duhu, tana lalube.

Da rana abin yakan lafa. Da zarar inuwa ta fara tsawo, gidan sai ya yi wani irin nauyi. Kusoshin nan da suka ɓace suka riƙa dawowa, su daki ƙofa, su faɗa cikin kofin shayi, a tsince su, a ɓoye su a aljihun tebur, gobe a sake jin su. Umma ta fara jin ana rarrashi a bayan bango, murya ƙasa-ƙasa, irin yadda ake yi wa jariri mai zazzaɓi. Ta ɗauka maƙwabta ne, sai ta tuna bayan wannan bangon ɗakin aikin mijinta ne.

Wata magariba Mai Hoto ya shiga ɗakin aikin ɗaukar tabaransa. Bai kunna fitila ba, don ya saba barin gidan a duhu saboda Auta. Sai ya ji wani motsi mai laushi. Ya matsa kusa da tebur. Fankar da ke bayan akwatin tana juyawa a hankali, ta tsaya, ta sake juyawa, kamar ana fifita. Wayar wutar tana ƙasa a naɗe, shi da kansa ya zare ta daga bango.

A ƙarƙashin teburin kuwa, a lungu, Auta ce zaune ta haɗe gwiwoyi. Hannayenta a lanƙwashe suke a ƙirjinta kamar ta rungume wani abu, tana jijjigawa. Ba komai a hannun nata.

Ya ce, "Auta."

Ba ta ɗago ba. Bakinta ya motsa, wata murya da ba tata ba, mai kauri, ta mace babba, ta ce, "Yi a hankali. Yanzu ya samu barci."

Washegari Umma ta aika aka kira kawunta, wani malami da aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Dattijo ne ɗan ƙarami, mai dasasshiyar murya, ba ya gaggawa a komai. Ya iso da yamma, ya huta a tsakiyar matakala kafin ya ƙarasa. Ya zauna ya saurari labarin tun daga farko, ya sa Mai Hoto ya maimaita masa zancen ƙurar nan da ya hure. Sannan ya shiga ɗakin aikin ya daɗe yana kallon akwatin, hannayensa a baya.

Ya ce, "Idan tana aiki, cikin nan yana ɗumi?"

Mai Hoto ya ce, "Yana yi, Malam."

"Kuma da duhu ne."

"Duhu ne."

Malam ya gyaɗa kai. Ya yi alwala, suka yi magariba, sannan ya ce a kawo yarinyar. Umma ta riƙo ta, ta zaunar da ita a kan darduma a tsakiyar ɗakin, ta zauna a bayanta. Mai Hoto ya kai hannu zai kunna fitila, Malam ya ce ya bari, sauran hasken da ke shigowa ta taga ya isa.

Ya fara karatu ƙasa-ƙasa. Da farko ba abin da ya motsa sai labule. Can yatsun ƙafar Auta suka fara karkarwa, karkarwar ta hau har kafaɗunta. Kusoshi suka zubo daga sama kamar tsakuwa, suka watse a kan darduma. Malam bai ɗaga kai ba, bai ƙara murya ba, bai rage ba. Ɗakin ya ɗauki zafi har zufa ta jiƙa rigar Mai Hoto. Sai Auta ta miƙe zaune tsam, idanunta a rufe, hannayenta a ƙirji.

Muryar nan ta ce, "Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, kuma ina riƙe da yaro."

Malam ya tsaya. Ya ce, "Wace ce ke?"

"Mai ɗakin can." Haɓar Auta ta nuna akwatin. "Tun kafin ya saye shi ina ciki. Shi ya ɗauko ni a kafaɗa ya hawo da ni nan. Na taɓa masa wani abu? Tambaye shi. Shekara da shekaru yana aikinsa, ina jin ɗumina. A nan na haihu."

"Me ya sa kika kama yarinyar mutane?"

Muryar ta ce, "Ya hure mana shimfiɗa, ban ce komai ba. Ita kuma ta zuro hannu har inda ɗana yake kwance, ta manna masa wuta a fuska. Idonsa biyu lokacin da ta kunna. Bai taɓa ganin haske ba tun da aka haife shi. Har yau bai buɗe ido ba."

Mai Hoto ya jingina da bango.

Muryar ta ci gaba, "Duk sanda ya danna abin nan, ni nake dafe shi. Ya kai shi inda ya ga dama ya tashi, amma a gidan nan hasken nan ba zai sake tashi ba."

Malam ya ce, "An cuce ki, amma ba da sani ba. Ba su gan ki ba, ba su san da ke ba. Ke kuwa kina gani kike cutar da ita. Me kike so ki fita?"

"Idanunta. Biyu da biyu."

Umma ta ƙanƙame 'yarta ta baya, ta ce, "Allah ya fi ki! Muguwa, azzaluma, Allah ya isa tsakanina da ke!"

Malam ya ɗaga mata hannu. Ya ce wa muryar, "Ba za ki samu ba."

"Ɗaya to."

"Ko gashin ido ɗaya ba naki ba ne. Idan kin makantar da ita, idon ɗanki zai buɗe?"

Hannayen Auta suka ci gaba da jijjigawa. Da muryar ta dawo ta yi laushi, kuma laushin ya fi kaurin ban tsoro. "To a bar min ita ta riƙe min shi har ya warke. Jikinta da ɗumi. Yana yin shiru a hannunta."

Malam ya ce, "A'a." Ya buɗe baki zai koma karatu.

Sai Mai Hoto ya matso, ya durƙusa a gaban 'yarsa, yana kallon fuskar da ya sani da muryar da bai sani ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ni na buɗe akwatin, ni na ce ta danna. Yarinya ce, kwalliya ta so yi wa ubanta. Ki yi haƙuri. Wallahi da na san da ɗanki a ciki da ban taɓa ba. Idan akwatin kike so, zan kwashe kayan cikinsa in kai miki shi duk inda kika ce."

Kan Auta ya juyo wajensa a hankali. "Akwati ba kayan ciki ƙarfe ne mai sanyi. Me zan yi da shi?"

Malam ya ce, "Ko da kayan ciki ba za ki koma ba. Nan gidan mutane ne, kin zauna ba izini, ga abin da zaman ya jawo wa ɗanki da 'yarsu. Ƙasar Allah da faɗi. Akwai kogunan duwatsu da rana ke gasawa, dare ya same su da ɗumi, ba mai zura hannu a ciki. Ki ɗauki ɗanki ki tafi. Na ba ki zuwa kiran isha'i. Idan aka kira kina nan, zan ci gaba daga inda na tsaya, kuma ba zan sake tsayawa ba. Ba na son in yi haka kina riƙe da yaro."

Hasken taga ya kusa ƙarewa, fuskokinsu sun zama inuwa. Sannan muryar ta ce, "Ya ɓamɓare abin nan da hannunsa, ina gani."

Malam ya kalli Mai Hoto, ya gyaɗa kai. Mai Hoto ya tashi, ya zura hannu cikin akwatin da ƙarfi har ƙarfe ya yanke shi a bayan hannu, ya kamo igiyar fitilun, ya fizge ta tun daga lungu har baki. Ya naɗe ta, ya ajiye a ƙasa. Malam ya sa muryar ta yi rantsuwa cewa ba za ta dawo ba, ba za ta aiko ba, ba za ta taɓa kowa na gidan ba. Ta yi, kalma bayan kalma, kamar ana zare mata su.

Ta ce, "A buɗe taga. A kashe ƙwan baranda, kada ya same shi a hanya."

Umma ce ta fi kusa da makunnin, amma ba ta motsa ba. Mai Hoto ya je ya kashe, ya buɗe tagar. Auta ta miƙa hannayenta gaba a hankali, kamar mai miƙa jariri ga uwarsa. Labule ya kumbura waje, ko da yake ba iska. Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin Umma. Suna nan a haka aka kira isha'i.

Ta yi barci har rana ta yi sama. Da ta farka ita da kanta ta yaye bargon tagarta, ta ce yunwa take ji. Jan idon ya washe cikin kwanaki kaɗan. Kwamfutar ta tashi a dannawar farko, Mai Hoto ya ƙarasa bidiyon makarantar ya miƙa, ya mayar wa Injiniya kayansa. Da Injiniya ya tambaye shi me ya gyara, sai ya ce fitilun ya cire, ya bar zancen a nan.

Sun ɗauka Auta ba ta tuna komai, kuma ba wanda ya so ya tuna mata. Sai wata yamma ta shigo ɗakin aikin, ta zauna a kujerar da ke gefensa, tana murza damtsenta. Ta kalli aikin da yake yi.

Ta ce, "Baba, har yanzu hannuna yana tsami. Ba shi da nauyi fa, bai kai ɗan tsako ba. Amma ya ƙi yarda in ajiye shi. Nan yake cusa fuskarsa." Ta taɓa gefen wuyanta. "Jikinsa zafi rau."

Mai Hoto ya ɗauke hannunsa daga kan tebur. Bai san Umma tana tsaye a bakin ƙofa da kwandon wanki ba sai da ya ji ta ajiye shi.

Auta ta ce, "Zai warke?"

Ya riga ya yi wa Malam wannan tambayar a matakala ranar da ya raka shi, Malam ya ce bai sani ba. Don haka bai yi mata ƙarya ba. Ya ce, "Ban sani ba, Auta. Allah ya ba shi lafiya."

Ta ce, "Amin."

Umma ta tsaya a bakin ƙofar, fuskarta a ɗaure, tana kallon wuyan 'yarta inda ta taɓa. Ta sunkuya ta ɗauki kwandon, ta juya za ta tafi. Sai da ta kai tsakiyar falo suka jiyo ta, murya can ƙasa, ta ce, "Amin."